Tsire-tsire Masu Cin Ƙwari da Sanyin Hunturu

Tambaya: Malam, a Ingila nake zaune. Ina da tsiron nan mai kama ƙuda, Venus flytrap. Tun shigowar Nuwamba ganyensa ke yin baƙi, bakunan sun daina rufewa. Na matso da shi kusa da hita, sai ƙara lalacewa yake. Ya mutu ne?

Amsa: Hajiya, barci yake nema kika hana shi. Asalinsa fadamun Carolina ta Arewa da ta Kudu ne a Amurka, kewayen garin Wilmington, kuma can ma ana hunturu. Yana buƙatar hutun wata uku zuwa huɗu a sanyin digiri 0 zuwa 10 na ma'aunin Celsius. In kika riƙe shi a ɗumi, zai yi ta fid da siraran ganye har ƙarfinsa ya ƙare. Ki ɗan tona gindinsa. In fari ne, da tauri, to da ransa.

Ki mai da shi wuri mai sanyi da haske, gareji mai taga ko baranda. Ƙasar ta kasance da danshi kawai, kada tukunyar ta zauna cikin ruwa kamar lokacin zafi. Ruwan sama za ki riƙa ba shi, don ruwan famfon yawancin kudancin Ingila alli ya yi masa yawa, yana ƙone saiwa. Ki tsinke baƙaƙen ganyen kafin fumfuna ta kama su. Kada ki ba shi ƙwaro yanzu, taki kuwa ko da wasa.

Tambaya: A Kanada nake, sanyinmu yakan kai digiri 20 ƙasa da sifili. Zan iya barin Sarracenia, tsiron nan mai ganye kamar tulu da ƙwari ke faɗawa ciki, a waje?

Amsa: Malam, wace iri ce? Sarracenia purpurea 'yar gida ce, ita ce ma furen lardin Newfoundland da Labrador. Amma juriyar tata sai in a cikin ƙasa aka shuka ta, ba a tukunya ba. Tukunya kan daskare gaba ɗaya, iska ta busar da ganye, saiwar kuma ta kasa jan ruwa. Ƙishirwa ke kashe su fiye da sanyin kansa. Ka binne tukunyar har baki, ka lulluɓe da busassun ganyen itacen pine. Dusar ƙanƙara ma rufi ce mai kyau. Ire-iren kudancin ƙasar Amurka kam, gareji ya fi musu. In babu, ka yanke ganyen, ka naɗe gindin da jiƙaƙƙiyar gansakuka, ka sa a leda cikin firji, ban da firiza, zuwa Maris.

In kana da Nepenthes, wata mai cin ƙwari da tulunta ke reto a ƙarshen ganye, kada ka haɗa ta da su. 'Yar dazuka irin na Borneo da Sumatra ce, ba ta barcin hunturu. Ta zauna a ɗaki kusa da taga, nesa da hita.