"Kowa tasa ta fisshe shi": amsa ga mai rubuta labarin ƙarewar ruwa

Wata ɗaliba daga Kumo ta aiko da tambaya. Tana rubuta ƙagaggen labari irin wanda ake hasko gobe mai muni a cikinsa: an wayi gari madatsar Dadin Kowa ta ƙafe, kogin Gongola ya koma rairayi, 'yan gida ɗaya suna rigima a kan jarka guda. Tana so ta san ko fari da ƙamfa da fatara abu ɗaya ne, kuma wane karin magana ne ya dace da bakin yayan da ya gudu ya bar ƙannensa.

To, 'yata, ba ɗaya ba ne. Fari daga sama yake, wato ɗaukewar ruwa har shuka ta bushe. Ƙamfa ƙarancin abu ne, akwai shi amma ba ya isa, shi ya sa ake cewa ƙamfar ruwa. Fatara kuwa a aljihu take. Kasuwar Gombe na iya cika da masara, mai fatara ya kwana bai ɗora tukunya ba. Yunwa ce ke biyo bayansu duka, kuma kakanninmu har suna sukan raɗa mata. Ta 1913 zuwa 1914 Kakalaba aka kira ta a ƙasar Hausa. Dattawan Bauchi da Gombe da suka ga farin 1973 da na 1984 suna nan da ransu, ki je ki zauna da su kafin ki ci gaba da rubutu.

Game da yayan nan, na ga kin sa masa "iya ruwa fid da kai". Karin maganar ya zauna, sai dai ba zargi ne a cikinsa ba. Yabon dabara ne: gwanin ninƙaya shi ne wanda ya kai gaci. Wanda ya faɗe shi yana wanke kansa ne. Idan mai ba da labari ne ke kwatanta yadda gari ya watse, "kowa tasa ta fisshe shi" ya fi, domin a cikinsa ake jin cewa an daina sauraron kowa. Uwar da aka bari kuma, ita ce za ta ce "kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu". Kada ki haɗa su a baki ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda matasan marubutanmu ke nuna rushewar al'umma da bindiga da ƙone-ƙone kawai. A gidan Bahaushe ba daga nan ake fara ganewa ba. Da, uba da 'ya'yansa masu aure sukan yi noma a gandu ɗaya, rumbu ɗaya, kowane ɗa da 'yar gayaunarsa ta kansa. Ranar da ɗa ya fara ɓoye hatsin gayauna, matarsa ta hura wutarta daban, sai a ce an raba tukunya. Daga nan ciyayya ta tsaya, kwanon tuwon da ke ƙetare katanga kowace magariba ya daina zuwa, ba wanda ya tambayi dalili saboda kowa ya sani. A kira gayya, ba mai fitowa. Magidanci ya tafi cin rani, damina ta faɗi bai dawo ba, ba aike. Waɗannan kalmomi ne labarinki ke bukata, kuma mai karatu a Dukku ko Darazo zai ji su a jikinsa.

Wani malamin firamare daga Azare kuma ya tambayi ma'anar "yunwa, a ba ki a huta". Kirari ne ake yi mata. Ba a lallashinta, ba a yi mata alkawarin gobe, sai an zuba mata sannan take sakin mutum. Ana kuma faɗinsa ga mai nacin roƙo wanda ba ya tashi sai an ba shi.