Ku Tambaya Mu Amsa: na ƙare ɗaukar sauti, WAV zan zaɓa ko MP3?

Tambaya: Assalamu alaikum yaya, ina gajiya ina aiki. Ni ɗalibi ne nan Tawa, kuma ni anka ɗora ma ɗaukar tafsirin malaminmu tun azumin bara, ina da wata 'yar kwamfuta da mikoro guda da manhajar ɗaukar sauti ta Audacity ciki. Matsalata in na ƙare ɗauka na zo wurin hiddawa sai in ga jerin abubuwa, WAV, MP3, FLAC, OGG da wasu lambobi da ban san kansu ba. Ran farko na bar shi yadda na iske shi, karatun awa guda ya hito mega ɗari shida da wani abu, forfena ya ƙare ƙaf bai tahi ba. Sai wani abokina ya ce in sa MP3 in zaɓi lambar da ta hi ƙanƙanta, to ya tahi kam, amma 'yan'uwanmu da ke bida Abijan da Libiya sunka ce muryar malam kamar daga cikin randa take hitowa, wasu haruffan ma ba a jin su. Don Allah mi ya kamata in zaɓa, azumi ya matso. Daga ƙanenka, Tawa.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena, Allah shi ba da ladar hidima. Kai da abokinka kowa ya kama gaskiya ta gefe guda, kuskuren kawai shi ne tsammanin fishiye guda zai yi maka aiki biyu. Biyu za ka riƙa hiddawa kullum, guda na ajiya guda na aikawa.

Na ajiya shi ne WAV. Wanga bai zubda komi, duk abin da mikoro ya ji haka yake aje shi, shi ya sa yake da nauyi. Lambar nan 44100 da kake gani, ma'anarta kwamfuta tana auna sautin sau 44,100 cikin sakan guda, 16 bit kuma faɗin kowane awo ne, kuma shi ne ma'aunin da Sony da Philips sunka aza ma faifan CD tun 1980. In ka buga lissahi a sitiriyo, minti guda yana cin mega goma da 'yan kai, awa guda wajen mega 635. Ka ga ba kwamfutarka ta yi maka laihi ba, haka nan abin yake.

To ga inda za ka rage rabi nan take ba tare da ka yi asarar komi ba. Malam guda ne, mikoro guda ne, mi za ka yi da sitiriyo? Sitiriyo hanya biyu ce, hagu da dama, kai kuma abu guda kake zubawa cikin duka biyun, kamar mutum ya sayi buhu biyu don tiya guda ta hatsi. Wurin hiddawa ka zaɓi Mono. Awa guda ta koma wajen mega 317, tafsirin kwana 30 bai kai jiga 10 ba, kile USB guda ta 16 ta ɗauke shi har da saura. Ka aje shi can, in da hali wuri biyu, kada ka aika ma kowa shi ta waya.

Na aikawa kuma MP3. Shi wanga dabara ce da masana na cibiyar Fraunhofer ta ƙasar Jamus sunka yi aiki kanta, ta zama ma'auni a 1993, kuma abin da take yi shi ne ta duba sautin ta zubda abin da take ganin kunnen ɗan Adam bai lura da shi, misali ƙaramar ƙara da babba ta danne. Lambobin da ke gabanta, 32, 64, 128 har 320 kbps, su ne yawan abin da ka yarda ta riƙe cikin kowane sakan. In ka matse ta ƙwarai sai ta soma zubda abin da kunne ke ji, kuma abin da take fara ci shi ne siririn sauti na sama. Nan ne sin da shin da sad suke zaune. Shi ya sa mutanen Abijan sunka ce haruffa sun ɓace, ba ƙarya sunka yi ba, kuma ga karatun Alƙur'ani wanga ba ƙaramin abu ba ne, harafi guda ya gurɓace ma'ana ta canza, ni abin yana damuna sosai in na ji karatu mai kyau an matse shi har ya lalace don a tsira da mega biyar.

Shawarata gare ka: MP3, Mono, 64 kbps. Awa guda za ta hito wajen mega 29. In malam mai jan baƙi na da murya mai daɗi kuma kana son a ji ta da kyau, hau 96, wajen mega 43 ke nan. Ga magana zalla ta mikoro guda, hawa 320 ɓarnar forfe ce kawai, masu saurare ba za su ji bambanci ba balle a wayar hannu cikin hayaniyar kasuwa. In 29 ɗin ma ta yi ma mutanenka nauyi saboda rezo, gara ka yanka karatun gida biyu, rabin awa rabin awa, da ka sauko ƙasa da 64.

Akwai wani wuri da za ka ga an rubuta Constant da Variable, wato lambar kbps ta tsaya wuri guda ko kuwa ta riƙa hawa da sauka gwargwadon sautin. Zaɓi Constant. Variable ba ta da aibi ga sabbin wayoyi, har ta ɗan hi iya tattali, amma ka tuna su wa ke sauraren tafsirin nan. Tsohon da ke zaune bakin zaure da 'yar radiyonsa mai cin katin memwar, direban da ke tsakanin Tawa da Konni da kile a mota, irin waɗannan na'urori wasunsu in sunka gamu da Variable sai su nuna tsawon lokaci ba daidai ba, ko ka matsa gaba su yi tsalle su koma wani wuri. Dalilin ke nan ma da ban ce ka ɗauki OGG ko M4A ba duk da su ma suna da kyau, MP3 ita ce kowace na'ura ta sani. FLAC kuwa 'yar'uwar WAV ce, tana matse sautin ya koma kamar rabi ba tare da zubda komi ba, ta yi kyau ga ajiya in wuri ya yi maka kaɗan, amma ba ta aikawa ƙauye ba ce.

Sai abu guda da nake roƙonka, kada ka share WAV ɗin don ka ga MP3 ta hito. Ni na yi shi kuma har yau yana ci mini rai. Shekarun baya na ɗauki wata tsohuwa a wani ƙauye wajen Keita tana waƙar niƙa, tana durƙushe gaban dutsi, ana jin gurzar ɗan dutsin da numfashinta tsakanin baiti da baiti, har kukan wata akuya can bayan darni. Na dawo Yamai kwamfuta ta cika, sai na maida su duka MP3 mai 32 na share asalin, a ganina ai ga su nan. Bayan ta rasu jikanta ya neme ni yana son muryar kakarsa, na buɗe na sa ekutar, muryar na nan amma ƙarar dutsin ta koma wani irin shuu kamar ana zuba ruwa cikin kwano, kalmomi da yawa sai dai ka yi kirdado. Babu wata manhaja da za ta maido abin da anka zubda. Na ba shi haka nan ya yi godiya, ni kuwa na san abin da na ji ranar da na ɗauka.

Ka kuma kula, in ka danna wurin aje aikinka (projet) cikin Audacity, abin da zai aje maka fishiye ne mai ƙarewa da aup3, wanga teburin aikinka ne, Audacity kaɗai ke buɗe shi. Wanda za a saurara ta Exporter yake hitowa. Mutane da yawa sun aika aup3 cikin gurup ana ta cewa bai buɗuwa. Kuma in za ka tura ta WhatsApp ka tura shi a matsayin Document, haka zai isa da sunansa yadda ka rubuta. Sunan ma ka yi shi da tsari, 01, 02, 03 gaba sannan sunan sura, don radiyon tsohon nan ta jera su bi da bi, kada ta tsallake daga rana ta ɗaya zuwa ta goma.

Tambaya: Barka da aiki. Ni mawaƙiya ce nan Yamai, na yi wata waƙa ta faɗakarwa kan karatun 'ya'ya mata, mai situdiyo ya turo min MP3 a waya. Yanzu wani mai haɗa bidiyo ya ce sai na kawo WAV mai 48. Ƙanena ya ce zai juya min MP3 ɗin ta koma WAV a kwamfuta. Hakan ya yi?

Amsa: 'Yar'uwa, zai juyu kam, amma nauyi kawai zai ƙaru, kyau ba zai ƙaru ba ko ƙwayar zarra. Kin tuna zamanin kaset, in anka kwahi kaset daga kaset, sannan a kwahi wani daga wancan, na huɗu sai ki ji kamar ana waƙa cikin iska? MP3 haka take duk lokacin da anka sake matse ta. Mai bidiyon nan in ya ƙare aikinsa zai matse sautin, in an ɗora Facebook ko YouTube su ma su sake matsewa, to in tun asali matsattse kinka ba shi, waƙar taki ta sha matsa sau uku ke nan, kuma kiɗa ya hi magana jin jiki, kalangu da tafi da duk wani abu mai kaifi su ke fara dusashewa.

Ki koma wurin mai situdiyon da kile ɗinki, ki ce shi hidda miki WAV daga ainihin aikin, 48000 (wato 48 ɗin da ya ce, awon sauti sau 48,000 cikin sakan guda), sitiriyo, 24 bit in da haka anka ɗauka. Mai bidiyon bai yi miki tsanani ba, 48 shi ne ma'aunin da aikin bidiyo da talabijin ke tahiya kai, 44.1 na CD ne. Kuma wanga haƙƙinki ne tunda kin biya kuɗinki. Ina jin takaici in na ga mawaƙanmu, maza da mata, sun yi shekaru suna shiga situdiyo amma ba su da asalin waƙarsu ko guda a hannu, sai wadda anka turo a waya, ran da kwamfutar situdiyo ta mutu ko zahin watan Afrilu ya ƙone ta shi ke nan. Daga yau ki riƙa yin magana kan haka tun kafin a fara aiki. Don rabawa jama'a kuma ki nemi MP3 mai 192 ko sama, kada ki bi lissahin 64 da na ba ɗan'uwanmu na Tawa, nasa magana ce naki kiɗa.

Tambaya: Malam ni na hidda a 320 amma har yanzu sautin na tsagewa duk inda mai magana ya ɗaga murya. In koma WAV? Daga Madawa.

Amsa: Ko ka koma WAV tsagewar na nan, don ba wurin hiddawa ta shiga ba, tun wurin ɗauka ne. Ƙarhin mikoro ya yi yawa, sautin ya buga rufi, wato 0 dB, kansa ya yanke. In ka faɗaɗa hoton sautin za ka ga saman ya miƙe kamar an sa wuƙa an datse. Wanda ya riga ya tsage sai dai haƙuri, ana ɗan lallaɓa shi amma bai komawa daidai. Gaba, kafin a fara ka sa mai maganar shi ɗaga murya iyakar yadda zai ɗaga, ka rage har sandar awon tana wasa wajen -12 zuwa -6, kada ta taɓa ja. Ka ja mikoron baya kamar taƙi guda daga bakinsa, ka kashe fanka in za a iya jurewa. In an ƙare sai ka ɗaga ƙarar duka da Normaliser na cikin manhajarka ka tsaida shi a -1 dB, sannan ka hidda, ka tura ma wayarka ka saurara da kunnenka kafin ka aika ma kowa.