Amsa: Ruwan batir ya yi ƙasa, asid zan ƙara ko ruwa?

Malam, ka ce ruwan batirin motarka ya sauka, wani ya ce ka zuba asid. Kada ka zuba. Ruwan distil kaɗai ake ƙarawa, wanda masu batir ke sayarwa a gora. Ban da fiya wata, ban da ruwan rijiya ko na bohol, domin gishirin da ke cikinsu yana lalata farantan dalma da ke cikin batirin. Ka kashe mota, ka goge saman batirin kafin ka buɗe marufan nan shida, kada ƙura ta faɗa ciki. Ka zuba a hankali har ruwan ya rufe farantan da kamar santimita 1, ko ya kai layin sama da ke jikin batirin. Kada ka cika shi fal, in ya ɗau caji zai yi ambaliya ya ci tiren da yake zaune a kai. Kuma don Allah ban da sigari ko ashana a wurin, iskar da ke fita tana kama wuta.

Dalili shi ne ruwan ne ke tafiya da zafi da caji, asid ɗin yana nan. In ka ƙara masa wani, ya yi ƙarfi ya cinye farantan. A zafin Katsina na Afrilu da Mayu, ka riƙa dubawa duk mako biyu. Amma in yana shanyewa da wuri haka, je wajen mai wayarin ya auna altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, mota na kunne. Daidai shi ne bolt 13.8 zuwa 14.4. In ya haura 15, ita ce ke dafa batirin, ko sabo ka saka haka zai yi.