Amsa kan bidiyon mutumin da ya ƙi ajiye wuƙa

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Malam, na saurari saƙonka har sau biyu kafin in ɗauki wannan muryar. Ka ce ka kalli bidiyon da aka turo jiya, wanda 'yan sanda suka harbe wani mai taɓin hankali da ke riƙe da wuƙa, ka ce an umarce shi ya ajiye ta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, amma ya ƙi, sannan ka tambaya: to me ya rage musu, su tsaya ya soke su? Hajiya kuma ta ƙara da tata tambayar, cewa idan ɗan uwan mutum ya birkice a gida, shin daidai ne a kira 'yan sanda? Zan amsa gwargwadon abin da na gani a shekarun da na yi ina jinyar masu lalurar ƙwaƙwalwa, da kuma abin da ya tabbata a wuraren da aka bibiyi wannan al'amari.

Inda nake so mu fara tsayawa shi ne kan kalmar nan da ka yi amfani da ita, cewa ya ƙi. Ƙin bin umarni na wanda ya ji ne, ya fahimta, sannan ya zaɓi ya bijire. Mutumin da ciwonsa ya tashi sau da yawa ba ya cikin wannan halin. Akwai wani dare da wani majinyacinmu ya fasa gilashin taga, ya riƙe ɓallin a hannu, ya maƙale a ƙarshen baranda, jini na bin yatsunsa. Na tsaya daga bakin ƙofa, na sa aka kashe fitila ɗaya, aka janye sauran mutane, na yi ta kiran sunansa a hankali ina gaya masa nawa, har kusan awa guda kafin ya zauna a ƙasa ya saki gilashin. Bayan makonni, da ya samu sauƙi, na tambaye shi wace magana ce a cikin maganganuna ta sa ya sauko. Ya ce bai ji ko ɗaya ba, domin muryoyin da ke cikin kansa sun fi tawa ƙarfi, kuma suna gaya masa cewa an zo yanka shi ne. Abin da kawai ya lura da shi, in ji shi, hannuwana a buɗe suke, kuma ban matso ba.

To ka ɗauki wannan mutumin ka ajiye shi a kan titi, jiniya na kuka, fitilu na walƙiya a idonsa, mutum huɗu ko biyar sun kewaye shi da bindigogi, wannan na cewa ajiye, wancan na cewa kwanta, wani na cewa ɗaga hannu, wani na cewa kada ka motsa. Ko mai cikakken hankali zai rasa wanne zai bi. Shi kuwa abin da idonsa ke gani ya gaskata masa abin da muryoyin suka faɗa. Idan ya zabura ya yi kan jami'in da ke gabansa, sau da yawa hanyar fita yake nema, domin abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Horon ɗan sanda kuma an gina shi ne a kan samun biyayya cikin gaggawa: a ɗaga murya, idan ba a bi ba a ƙara matsi. Wannan dabarar tana aiki a kan ɓarawon da ke lissafin riba da asara. A kan mai firgici, kowace tsawa ƙara hura wutar take yi.

Ba na raina wuƙa, Malam, kuma ba na cewa ran ɗan sanda ba rai ba ne. Tun a shekarar 1983 wani jami'in horar da 'yan sanda a Amurka, Dennis Tueller, ya nuna cewa mai wuƙa na iya cin tazarar ƙafa 21 cikin kamar daƙiƙa ɗaya da rabi, wato kafin wanda bindigarsa ke cikin kube ya zaro ta ya saita. Sai dai wasu sun mayar da wannan gwaji tamkar izinin harbi ga duk wanda ya shigo cikin wannan tazarar, alhali darasin da ke cikinsa shi ne kada ka bari ka kasance kusa haka. Tambayar da nake yi idan na ga irin wannan bidiyon ita ce, wa ya cinye tazarar? Idan mutum yana tsaye shi kaɗai, babu kowa a hannunsa, kuma jami'in ne ya taka ya same shi, to haɗarin da ya sa aka danna kunama ƙafar jami'in ce ta kawo shi. Ana iya killace wurin, a janye jama'a, a sa mota a tsakani, mutum ɗaya tak ya yi magana, a jira. Yawancin 'yan sandan Birtaniya ba sa ɗaukar bindiga a sintirinsu na yau da kullum, kuma suna haɗuwa da masu wuƙa, suna amfani da garkuwa da tazara da lokaci. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a birnin Havana a 1990 sun taƙaita harbi ga kare kai ko kare wasu daga mutuwa ko mummunan rauni da ke gab da aukuwa, ko hana babban laifi mai barazana ga rai, ko kama mai irin wannan haɗarin da hana shi tserewa, kuma sai idan hanyoyin da ba su kai haka tsanani ba sun gaza. Wanda yake yanka jikinsa, kansa yake wa barazana, kuma harsashi ba ya ceton mutum daga kansa.

Ainihin abin da ya faru ke nan a birnin Memphis na Amurka a 1987. Iyalin wani matashi suka nemi taimako saboda yana yanka kansa da wuƙa, 'yan sanda suka zo, aka ƙare da harbe shi. Fushin da ya biyo baya ne ya haifar da tsarin da aka fara a 1988, inda ake zaɓar wasu jami'ai a ba su horon awa 40 tare da likitocin ƙwaƙwalwa da iyalan majinyata, kuma a tanadi wurin da za su kai mutum a karɓe shi maimakon ɗakin tsarewa. Tsarin ya bazu sosai, amma duk da haka lissafin da jaridar Washington Post ta fara yi daga 2015 ya nuna cewa 'yan sandan Amurka na harbe kimanin mutum 1,000 a shekara, kuma kusan ɗaya cikin biyar an san yana da lalurar ƙwaƙwalwa. Binciken da aka yi a kan horon ya fi nuna cewa yana gyara fahimtar jami'ai kuma yana ƙara kai mutane asibiti, bai nuna a fili cewa ya rage kisa ba. A ganina mako guda na koyon haƙuri ba ya kankare watannin koyon gaggawa.

Akwai kuma kisan da ba a jin ƙararsa, wanda ni ya fi damuna domin yana faruwa har a cikin asibiti, wato danne mutum rub da ciki. Idan aka kifa mutum, aka mayar da hannuwansa baya aka sa ankwa, sannan aka ɗora gwiwa ko nauyin jiki a bayansa, ƙirjinsa da cikinsa ba sa samun sararin buɗewa, alhali ya gama kokawa, jikinsa na buƙatar iska fiye da kowane lokaci. Yana mutsu-mutsu don ya shaƙi numfashi, masu danne shi suna ɗauka gardama yake yi, sai su ƙara nauyi. Idan ya yi shiru sai a ce ya saduda. Maganar da ake yi cewa wanda ke iya magana yana iya numfashi ba gaskiya ba ce, domin ɗan iskar da ke fitar da kalma bai kai wanda jiki ke buƙata ba. Ga shi kuma wasu magungunan ƙwaƙwalwa suna taɓa bugun zuciya. A Landan, a 2010, wani matashi ɗan shekara 23, Olaseni Lewis, ya je asibitin ƙwaƙwalwa da ƙafarsa, aka kira 'yan sanda, jami'ai 11 suka danne shi, ya suma, ya rasu bayan 'yan kwanaki. Iyalinsa suka yi ta fafutuka har aka yi doka a 2018, wadda ta wajabta wa asibitocin ƙwaƙwalwa rubuta duk lokacin da aka yi amfani da ƙarfi a kan majinyaci, kuma ta ce 'yan sandan da aka kira ciki su sa kyamarar jiki.

Shi ya sa wasu garuruwa suka sauya wanda ake turawa tun daga farko. A garin Eugene na jihar Oregon a Amurka, daga 1989 aka fara aika ma'aikacin lafiya da mai lallashin masu rikicewa, ba makami a hannunsu. Birnin Stockholm na ƙasar Sweden ya ƙaddamar da motar asibiti ta musamman ga masu lalurar ƙwaƙwalwa a 2015, birnin Denver na Amurka ya bi da nasa tsarin a 2020, Amurka ta buɗe lambar waya 988, layin gaggawa na lafiyar ƙwaƙwalwa, a 2022. A Landan kuma, daga ƙarshen 2023 'yan sanda suka rage zuwa irin waɗannan kiraye-kiraye sai idan akwai laifi ko barazana ga rai. Wannan na ƙarshen ina kallonsa da ɗari-ɗari, domin idan aka janye ɗan sanda ba a ƙara motar asibiti da gadon kwantarwa ba, uwa ce za a bari ita kaɗai da ɗanta da tsakar dare.

Hajiya, na zo kan taki. Yawancin masu wannan lalura ba sa cutar da kowa, hasali ma su aka fi cutarwa, don haka yawancin rikicewa aikin likita ce, kuma a inda ake da motar asibiti ko layin gaggawa na lafiyar ƙwaƙwalwa, su za a fara nema. Amma idan ran wani na cikin haɗari, a kira 'yan sanda, sai dai a kula da abin da za a faɗa a waya, domin da wannan bayanin jami'in zai sauko daga mota. A birnin Rochester na Amurka a 2020, ɗan uwan wani mutum mai suna Daniel Prude ne ya kira neman taimako, 'yan sanda suka samu Daniel tsirara a kan titi cikin sanyi, aka rufe masa kai aka danne shi a ƙasa, ya rasu bayan mako guda.

Kada ki fara da cewa yana da wuƙa kuma ya haukace. Ki fara da cewa ɗan uwanki marar lafiya ne, ki faɗi sunan ciwon idan kin sani, da maganin da yake sha da ranar da ya daina sha. Ki faɗi gaskiya game da abin da ke hannunsa, kada ki ɓoye, amma ki bayyana ko kansa yake nufi da shi ko wani. Ki roƙi a zo ba jiniya, kuma a haɗo da ma'aikacin lafiya. Kafin su iso, ki fitar da yara da duk wanda yake jin haushinsa, a kashe talabijin, a bar masa ƙofa a buɗe, kada a yi masa musu kan abin da yake ji ko yake gani. Ki tare su a waje, hannuwanki a fili, ki gaya musu sunan da yake amsawa da abin da ke firgita shi. Idan har ta kai an kama shi an kwantar, ki tsaya inda za su ji ki, ki ce a juya shi a kan gefensa ko a zaunar da shi da zarar an sa ankwa, kuma idan ya yi shiru farat ɗaya ki ce a duba numfashinsa nan take.