Abin da Ya Sa Mutanen Zango Ke Fara Kai Ƙara Fada Kafin Kotu

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce a Kano kuna jin cewa mu Hausawan Gana ba mu cika zuwa kotu ba, komai sai a kai wa sarkin zango ko liman, kana so ka sani ko tsoron hukuma ne ko raina doka. Ka ƙara da cewa ai Gana ta gyaru, me za mu yi kuka da shi. Zan amsa maka daga nan Kumasi inda aka haife ni, inda kakanninmu fataken goro suka sauke kaya suka zauna.

Mu nan ba mu da kotun shari'ar Musulunci irin taku. Dokar rabon gado ta 1985 ta hau kan duk wanda ya mutu bai bar wasiyya ba, Musulmi ne ko Kirista. Iyalin da ke son a raba musu yadda addini ya tanada, malamai suke kira, a zauna a gida, kowa ya yarda. Haka rikicin aure, bashi, ɗakin haya, faɗan maƙwabta. Kowace ƙabila a zango da sarkinta, Mosawa, Zabarmawa, Wangarawa, Fulani, Yarbawa, sai Sarkin Zango a sama, shi kuma yana ƙarƙashin Sarkin Asante. A fada ba a biyan lauya, ba a ɗage zama shekara da shekaru, kuma ana tashi da musabaha. Dokar ƙasa ma ta 2010 ta amince da sulhun gargajiya, saboda haka ba a bayan hukuma muke yi ba.

Amma akwai dalilin da ya fi wannan nauyi, shi ne siyasa. Jam'iyyu biyu ke juya ƙasar tun 1992, NPP mai giwa da NDC mai lema. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takarda, zanguna suka watse, mutanen da ba su san wata ƙasa ba aka loda su a mota. Dattawanmu ba su manta ba, shi ya sa zango ya daɗe yana bin lema, don ana ganin NPP jikar waccan tafiyar ce. Ita kuma ta yi ta lallashi: ta ba Aliu Mahama mataimakin shugaban ƙasa a 2001, ta ba Bawumia a 2017, ta buɗe ma'aikatar raya zanguna wadda aka rufe bayan shekara huɗu. Duka biyun ƙuri'armu suke so, da ƙarfin samarinmu. Lokacin zaɓe a zango ake neman ƙarti masu tsaron akwati. Ban wanke yaranmu ba, amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Dubi yadda shari'a ke bin inuwar mai mulki. A 2016 kotun ƙoli ta ɗaure wasu mutum uku wata huɗu saboda sun yi wa alƙalai barazana a rediyo. 'Yan lema ne, Shugaba John Mahama, wanda shi ma ɗan lema ne, ya yi musu afuwa tun ba su cika wa'adin ba. Shekara na zagayowa giwa ta hau, sai 'yan bangarta da ake kira Delta Force suka kutsa wata kotu a nan Kumasi ana cikin zama, suka fitar da 'yan'uwansu 13. Ƙarshen maganar, tarar kuɗi aka ci su 13 ɗin. Talakan da ya ga waɗannan biyun, me za ka gaya masa? Ya riga ya gane cewa kafin ka tambayi laifin mutum, sai ka tambayi katin da ke aljihunsa.

Tushen abin yana cikin tsarin mulki. Shugaban ƙasa ne ke naɗa alƙalan kotun ƙoli, majalisa ta amince, kuma ba a ƙayyade iyakar yawansu ba. Duk wanda ya hau sai ya ƙara nasa, 'yan adawa su yi ihu, in sun karɓa su ma su ƙara. A 2025 John Mahama, bayan ya dawo mulki, ya dakatar da Alƙaliyar Alƙalai Gertrude Torkornoo, wadda tsohon shugaba Akufo-Addo na giwa ya naɗa, daga baya ya sauke ta bisa rahoton kwamitin bincike. An bi matakan da doka ta shimfiɗa, amma a majalisar shayi ba wanda ya tsaya duba hujja. Ɗan lema ya ce ta cancanta, ɗan giwa ya ce ramuwar gayya ce. Wannan ne ya fi ci mini rai, an kai matsayin da ko an yi gaskiya rabin ƙasa ba zai yarda ba. Ga kuma cin hanci, wanda ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas ya tona a 2015, ya ɗauki hoton alƙalai fiye da 30 suna karɓar kuɗi, wasu har da awaki.

Ba na ƙin faɗin alheri. A 2013 kotun ƙoli ta yi shari'ar zaɓe ana kallo a talabijin, Akufo-Addo ya sha kaye, ya ce bai gamsu ba amma ya karɓa. Mulki ya sauya hannu a 2000, 2008, 2016 da 2024 ba a shiga yaƙi ba. Abin da kuke hange ke nan, kuma gaskiya ne.

Sai dai fada tana da iyaka. A 2018 'yan sanda suka harbe samari bakwai na yankin Asawase a nan Kumasi, suka ce 'yan fashi ne. Zango ya tashi, aka kafa kwamiti, ya ce babu shaidar fashi, gwamnati ta biya iyalai diyya. Sarki da liman sun kwantar da tarzoma, amma ba su da ikon gurfanar da wanda ya harba bindiga. Magana in ta kai ga jini, kotu kaɗai muke da ita, don haka lalacewarta mu ta fi cuta, mu da ba mu da manya a sama.

Yanzu kuma jam'iyya ta fara leƙo fadar kanta. Buhun shinkafa da sukari da azumi, kujerar hajji, gudummawar ginin masallaci, duk da tsarin mulki ya hana sarakuna shiga siyasar jam'iyya. Babban Limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, kowane ɗan takara na zuwa gidansa, ya yi masa addu'a ya sallame shi, shi ya sa har yau maganarsa ke kashe wuta. Ba kowane mai rawani ke da wannan kamewar ba. Na san unguwannin da mutum ke ƙin kai ƙara gaban sarkinsu don an gan shi a kan dandamalin kamfe. Irin wannan mutumin ba ya zuwa kotu, ba ya zuwa fada, samarin gidansu yake tarawa.

Ka gaida mutanen gida. Wassalam.