Idan albendazole ya daina yi wa raguna aiki

Malam, ka ce ragunanka na Agege sun sha albendazole, maganin tsutsar ciki, sau uku amma suna ta ramewa, ko ka ƙara musu? Kada ka ƙara tukuna. Kai kashinsu wurin likitan dabbobi ya ƙirga ƙwan tsutsa, sannan a ba su albendazole ɗin, a sake ƙirgawa bayan kwana 14. Idan ƙwan bai ragu sosai ba, tsutsar ta saba da maganin, sai a koma levamisole, wani maganin tsutsa na daban.

Ni abin da ya cuce ni shi ne kintatar nauyin rago da ido. Maganin da bai kai ƙima ba raunanan tsutsotsi kawai yake kashewa, masu taurin su hayayyafa. Yanzu sai na ɗora dabba a sikeli kafin in ɗura mata.