Me Tony Hawk ya yi da yara suke ɗaukarsa gwarzo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 14 ya ishe ni da zancen wani Ba'amurke wai shi Tony Hawk, mai wasan zamiya a kan katako mai taya. Kullum bidiyonsa yake kallo a wayar mahaifiyarsa, yanzu kuma ya kafe sai na saya masa katakon. Da na duba mutumin sai na ga ashe sa'ana ne. Me ya yi da har yara suke girmama shi haka? Kuma wasan nan yana da wani amfani, ko karaya kawai zan sayo wa gidana? Daga wani uba a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba mamaki sa'anka ne, domin an haifi Tony Hawk a watan Mayun 1968 a San Diego da ke jihar Kalifoniya. Yayansa ne ya ba shi tsohon katakonsa yana ɗan shekara 9, kuma yana shekara 14, daidai shekarun ɗanka, ya zama ƙwararren da ake biya, a cikin wata tawagar matasa mai suna Bones Brigade. Fagen da ya shahara a kai shi ne zamiya a cikin wani babban kwari na katako mai siffar harafin U, wanda zurfinsa ya kai kusan mita 4. Mutum zai gangaro daga wannan baki, gudun ya cilla shi sama ta wancan bakin, ya yi juyin da zai yi a iska, sannan ya dawo kan tayoyinsa. Shekara 12 a jere yana riƙe da kambun wannan fage.

Sai dai ba kofunan ba ne suka sa sunansa ya iso har wayar maiɗakinka. Wani yammaci ne guda, ranar 27 ga Yunin 1999, a gasar wasannin kasada ta X Games a San Francisco.

Akwai wani juyi da ake kira 900, wato mutum ya kewaya sau biyu da rabi a iska kafin ya sauka. Don ka gane nauyinsa, juyi ɗaya da rabi Mike McGill ne ya fara yin sa a 1984, shi kuma Hawk ya yi juyi biyu a 1985. Daga nan abu ya cije. Ƙarin rabin nan kaɗai ya cinye shekara 14, manyan 'yan wasa irin su Danny Way suna nemansa ba su samu ba. Dalili kuwa shi ne lokacin da mutum yake da shi a sama ɗan ƙalilan ne, dole tun kafin tayoyi su bar bakin kwarin ya riga ya murɗa kafaɗunsa, ya dunƙule jiki don juyin ya yi sauri, kuma a tsakiyar juyin sau biyu yana ba wa wurin saukarsa baya, ba ya ganin inda zai dira. In nauyinsa ya ɗan karkata gaba sai ya kife da fuska, in ya karkata baya katakon ya tsere ya bar shi.

A ranar nan Hawk yana da shekara 31. Ya gwada ya faɗi, ya hau ya sake gwadawa ya faɗi. Lokacin gasar ya ƙare, amma masu shirya ta suka ƙyale shi ya ci gaba, abokan takararsa kuma suka daina nasu wasan suka tsaya a bakin kwarin suna buga katakansu suna zuga shi. Bayan faɗuwa wajen goma ya dira a durƙushe, hannunsa na shafar ƙasa, ya miƙe a kan katakon. Waɗanda ya zo karawa da su ne suka ruga suka ɗaga shi sama. Tashar talabijin ta wasanni ESPN ta nuna abin, kuma bayan 'yan watanni wasan kwamfuta mai ɗauke da sunansa, Tony Hawk's Pro Skater, ya fito, ya shigar da shi ɗakunan yaran da ba su taɓa ganin irin wannan katako da idonsu ba.

A ganina nan asirin yake. A yawancin wasanni gwaninta ake nuna mana, wahalar da aka sha kuwa ta tsaya a filin atisaye. A wannan wasa faɗuwa a bainar jama'a ake yin ta, kuma babu mai yi wa wani dariya a kanta, don kowa da tabonsa. Ka lura da bidiyoyin da ɗanka yake kallo, da yawa za ka ga sai an jero faɗuwar mutum kafin a nuna saukar da ya yi daidai. Yaron da ya saba da wannan yana koyon wani abu da ake shan wahalar cusa shi a aji, cewa kasawa sau ashirin a kan abu ɗaya ba ta nufin ba shi da rabo a ciki. Kuma babu koci mai zaɓen 'yan wasa goma sha ɗaya ya bar saura a benci. Siriri, gajere, mai kunya, duk wanda ya zo da katakonsa yana da layi. Hawk kansa yana yaro siriri ne ƙwarai, ba shi da ƙarfin finciko katako sama kamar manya, sai ya ƙirƙiro tasa hanyar tashi, ana ta yi masa ba'a cewa wasansa na dabo ne. Daga baya hanyar tasa ce kowa ya bi.

Bari in faɗa maka wani abu da masoyansa ba su cika so ba. In ana maganar tsalle-tsallen da yara suke yi a kan titi yau, Rodney Mullen na jihar Fulorida ya fi Hawk hannu a ciki. Shi ya gano yadda ake ɗaga katako daga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba tare da an taɓa shi da hannu ba, a farkon shekarun 1980, shi ya ƙirƙiro shurin da ke sa katako ya wuntsila ƙarƙashin ƙafa. Mullen mutum ne mai gudun jama'a, shi ya sa waɗanda ba sa cikin harkar ba su san shi ba. In ɗanka ya san sunansa, to abin ya shige shi da gaske.

Abin da ya ƙara wa Hawk daraja shi ne yadda ya zauna da wasan lokacin da babu riba. A farkon shekarun 1990 kasuwar fagensa ta mutu, wuraren wasa suka rurrufe, kuɗin shigarsa ya zube, amma bai bari ba, a 1992 ma ya haɗa gwiwa da wani abokinsa suka kafa kamfanin katako na Birdhouse. Da arziki ya dawo, a 2002 ya kafa gidauniyar da yanzu ake kira The Skatepark Project, wadda ta taimaka aka gina ɗaruruwan filayen zamiya na kyauta a unguwannin marasa ƙarfi a Amurka. A 2016, yana da shekara 48, ya sake yin juyin 900. A 2022 ya karya ƙashin cinya, ya warke, ya koma.

Yara kuwa tuni suka wuce shi, kuma bai ɓoye farin cikinsa ba. A 2021 wani ɗan Burazil mai shekara 12, Gui Khury, ya yi juyi uku cif a gasar X Games, ya ci zinare, alhali Hawk na cikin waɗanda suka shiga gasar. Rayssa Leal, ita ma 'yar Burazil, tana da shekara 7 aka ɗauke ta bidiyo tana tsallake matakala da katako, ta faɗi ta sake, har ta dira. Hawk ya yaɗa bidiyon a 2015, kuma da wasan ya shiga gasar Olamfik a karon farko a Tokyo a 2021, ta ci azurfa tana da shekara 13. Arisa Trew ta Ostireliya ta zama mace ta farko da ta yi 900 a 2024, ta kuma ci zinare a gasar Olamfik ta Paris a shekarar tana da shekara 14. A nahiyarmu ma akwai masu yi a Legas, Kampala da Addis Ababa, kuma an buɗe filin zamiya na musamman a Accra a ƙarshen 2021.

Batun karaya kuma, Malam, fargabarka tana kan hanya. Za a faɗi, za a ƙurje. Raunin da ya fi yawa ga sabon shiga shi ne na wuyan hannu, saboda mutum yakan tokare ƙasa da tafinsa, sai targaɗen idon sawu. Mafi haɗari shi ne bugun kai. Don haka in za ka saya, ka haɗa da hular kwano da ta zauna daidai a kansa, da kariyar gwiwa, gwiwar hannu da wuyan hannu, ka ce masa ba a hawa sai da su. In ya yi gardama ka ce ya duba gwarzon nasa a cikin kwarin nan, zai gan shi da hula da kariyar gwiwa. Ya fara a kan siminti mai laushi wanda aka share, kamar tsakar gida ko filin makaranta bayan an tashi, domin ƙaramar tsakuwa ɗaya tana iya tsayar da taya cak ta jefar da mutum. Abin da ba zan yarda da shi ba ko kaɗan shi ne hawa titin mota, musamman ɗabi'ar nan ta kama bayan mota ko babur mai ƙafa uku a ja mutum, wadda wasu masu takalmin taya suke yi a biranenmu.

Wurin saye ka guji na roba irin na kayan wasan yara, tayoyinsa ba sa juyawa da kyau kuma yana saurin karyewa. Na ƙwarai ana yin sa ne da siraran falle bakwai na katako da aka manne, samansa kuma akwai shafi mai kaushi da ke riƙe takalmi. Tunda yawancin simintinmu yana da gargada, ka tambayi mai tayoyi masu ɗan faɗi da taushi. Na hannu mai kyau ya fi sabo marar inganci, sai dai ka juya kowace taya da yatsa ka ga tana tafiya ba tare da ƙara ba, ka kuma duba ko katakon ya tsage kusa da kusoshi kafin ka biya.